Barewar da ta cinye alayyahun Hajiya

"Sani! Fito maza, akuyar maƙwabta tana cinye min alayyahu!"

Da ihun mahaifiyata na tashi yau da safe a unguwarmu ta Erdington, nan Ingila. Na fita bayan gida ko takalmi babu, sai ga barewa a tsakiyar lambu, tana tauna hankalinta kwance.

Alayyahun nan, tun daga gidan yayana a Manchester Hajiya ta ƙullo irinsa a bakin mayafi. Wata biyu tana lallaɓa shi kamar jariri.

Na ce, "Hajiya, ba akuya ba ce, barewa ce. Tun da hukumar gari ta rage ma'aikata aka daina sare ciyawar bayan layinmu, wurin ya koma daji."

Ta ce, "To ka je ka faɗa wa mai ita. Da damina ai kowa ɗaure dabbarsa yake yi."

"Hajiya, ba ta kowa ba ce."

Ta ƙare mata kallo tun daga wuya har cinya. Sai ta rage murya: "Ba ta kowa ba, ga ƙiba, kuma ta kawo kanta har gida? Ɗauko wuƙa."

Na ce, "Rufa min asiri! A ƙasar nan 'yan sanda za su zo."

"Au! Ita ta ci nawa ba wanda ya kama ta, ni in na ci nata sai a kama ni?"

Jama'a, mai amsar wannan tambaya ya taimaka min, don Hajiya tana kicin tana wasa wuƙa.