Gayar shinkafa a sabon otal

Na yi yawo a duniyar nan, na ci abinci a tashoshin mota da gidajen baƙi iri-iri, amma ban taɓa shiga kicin ɗin wani da faɗa ba sai a Sakkwato, garin surukaina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, sojoji na mulki, kowa na gina abin da bai san yadda ake zama a ciki ba. Na ɗauki hutun shekara, muka taho da maiɗakina da 'yar autarmu, muka sauka a Ƙofar Kware gidan yayanta, Alhaji, mai sayar da atamfa.

Auta shekararta bakwai a lokacin. Allah ya yi ta daban. Ba ta magana sai kalma ɗaya ko biyu, ba ta son hayaniya, kuma abinci ɗaya take ci a duniya: farar shinkafa, ba mai, ba miya, a cikin wani ɗan kwanonta shuɗi. In miya ta taɓa gefe, an gama. Ko an kwashe, hancinta ya sani.

To, gidan Alhaji tuwon gero ake yi da fura. Da aka dafa mata shinkafa, matarsa don kara ta zuba man shanu a tukunyar. Daga nan Auta ta ƙi duk abin da ya fito daga tukunyar gidan. Kwana biyu yarinyar nan ruwa kawai take sha. Leɓenta ya bushe, tana tafiya tana dafa bango, ga zafin Sakkwato da ba ya wasa da mai ƙoshi ma.

Rana ta uku Alhaji ya ce, "Malam, ku tashi mu tahi sabon otal. Can shinkafar Turawa suka dahwawa, hwara tas. Ta ci ta ƙoshi."

Muka je bayan azahar. Wuri ya yi kyau, ban hana su ba: fanka na juyawa, tebura da fararen ƙyallaye, masu kawo abinci da jar hula. Na kira ɗaya, na miƙa masa kwanon Auta, na ce, "Farar shinkafa. Kar a sa komai. Komai fa." Ya ce, "An gama, ranka shi daɗe."

Ya dawo da shinkafa, miya ta rufe ta, har da cinyar kaza a sama kamar rawani.

Auta ta ture kwanon. Na sake bayani a hankali, da Hausar Kano, Alhaji ya maimaita da Sakkwatanci, ko ni ne ba a gane ba. Aka tafi, aka dawo. Wannan karon an kwashe miyar da cokali, shinkafar ta yi ja-ja, wai ita ce fara. Yarinya ta shinshina, ta toshe kunnuwa, ta fara wannan kukan nata mai tsawo, ta sulale ƙarƙashin tebur.

Duk ɗakin ya juyo. A teburin kusa da mu akwai wani hafsan soja da abokansa. Ya ajiye cokali ya ce, "Malam, shagwaɓa ce. Ba ni ita mako guda a bariki, za ta ci har da kwanon." Abokansa suka yi dariya. A wancan zamani ba a mayar wa mai kaki magana, na haɗiye tawa, kuma har yau tana nan a maƙogwarona.

Abin da ya fi ƙona min rai, Alhaji ma ya yi dariya. Ya sunkuyo ya ce wa ƙanwarsa, "Na gaya miki, ɗiyar ga rubutu za a ba ta ta sha." Maiɗakina ta ce, "Yaya, ta sha rubutun malamai bakwai. Yunwa take ji." Ta durƙusa ta jawo Auta, ta fita da ita zuwa mota.

Ni kuwa na ɗauki kwanon, na bi ƙofar da masu jar hula ke shiga. Ɗaya ya tare ni, wai ba a shiga. Na ce, "Yau an shiga."

Kukun dattijo ne, gajere, da farin gemu da tawul a kafaɗa. Ga tukunyar farar shinkafa nan a buɗe tana tururi, fara sol. Na ce, "Baba, me na yi maka? Sau biyu ina aiko maka saƙo."

Ya ce, "Saƙonka ya iso. Ni na hana."

"Kai ka hana?"

"Awo. Tun ina saurayi nike dahuwa, ban taɓa ba baƙo gaya ba. Ɗiyar baƙo ta zauna gaban mutane da shinkafa ba miya, a ce daga hannuna ta hito? Mi za a ce da ni cikin garin ga?"

Wato duk wahalar nan karamci ne. Mutumin ya gwammace yarinyata ta kwana uku da yunwa da a ce ya yi rowar miya. Na ce, "Baba, tun shekaranjiya ba abin da ya shiga cikinta. Mutuncinka za ta ci?" Na wanke kwanon da kaina a famfonsu, sau biyu, da sabulu, na ɗauki ludayinsa na ɗebi shinkafa.

Bai hana ni ba. Amma da na juya sai ya riƙe min hannun riga, ya cika wani kwano da miya, ya ce, "To, ka hita da wagga a ɗayan hannun. A gani." Na so in watsa masa ita a tawul. Na tuna yarinya na jira, na karɓa.

Haka na ratsa ɗakin, shinkafa a dama, miya a hagu, hafsan na kallona. A bakin ƙofa na ajiye miyar a kan dakali, nesa da mota, don ko ƙamshin kar ya isa.

Motar ta yi zafi kamar tanda, duk ƙofofi a buɗe. Auta na kwance a cinyar uwarta. Na ajiye kwanon a kan kujera, na ja baya, ban ce komai ba, don in aka ce mata ci, ba ta ci. Ta daɗe tana kallo. Ta shinshina. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a baki, sannan ta cika hannu. Maiɗakina ta kau da kai tana share ido da gefen mayafi. Da kwanon ya ƙare, Auta ta miƙo min shi ta ce, "Ƙara."

Na koma kicin sau biyu. Ba wanda ya tare ni, kuma kowane zuwa dattijon sai ya haɗa ni da miya.

Kwano uku suka jeru a kan dakalin. Ni ma ban ci komai ba tun safe, na ɗauko burodi a mota, na zauna a rana na tsoma a ɗaya. Miyar ta yi daɗi ƙwarai, kuma ban gaya wa dattijon ba.