Maƙera Ɗaya a Kan Iyaka

Kakarmu, Inna Ladi, ba ta taɓa yarda hitar gas ɗin flat ɗinmu na Manchester wuta ce ba. Wai wutar da ba ta hayaƙi ba ta da amana. Duk da haka a gabanta take miƙe ƙafa bayan magariba, ni da ƙanena Sani mu raɓe a jikinta. Haifaffiyar Maraɗi ce, aure ya kai ta Katsina, rainonmu ya kawo ta Ingila.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wai garin gabas ke da gawayi, na yamma ke da tama, kowa na kwasar na ɗan'uwansa ya ƙera mashi. Suka yi ta yaƙi har aka rasa masu haƙa kabari. Da kowa ya jigata, wata tsohuwa ta ce a rushe maƙerun duka, a gina ɗaya a kan iyaka, ɗan gabas na zuga, ɗan yamma na dukan ƙarfe. Ba mai ƙera mashi maƙwabcinsa bai gani ba. Aka koma fartanya da lauje.

Sani uban tambaya ya ce, "Inna, to idan ɗaya ya ɗauke gawayinsa fa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta kalli hitar, sannan ta ce, "Kai dai roƙi Allah kada ka ga ranar."

Shekara talatin ke nan. Kwanan baya 'yata Zainab, da ke jami'a nan Birmingham, take ba ni labarin yadda Faransa da Jamus suka haɗa kwal da ƙarfensu a hannu ɗaya bayan yaƙin duniya na biyu, don kada wani ya sake ƙera makami a ɓoye. Na ce wallahi Inna ta riga malamanku.

Muka yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. A makon aka rufe iyakar Najeriya da Nijar. Gwaggo Hadiza, autar Inna, a Maraɗi take, kuma sau biyu a mako ake kai ta Katsina wankin ƙoda. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ko shayi na kasa sha.

Jiya ce ranar wankinta. Motar da ta ɗauko ta ta kai iyaka, aka mayar da su.

Na kira Sani a Manchester na faɗa masa. 

Ya ce, "Yaya, an ɗauke gawayin."