Hannun Virgil Stamper

Virgil Stamper gajere ne, ba wanda zai gan shi ya ce ɗan ƙwallon kwando ne, amma shekara huɗu shi ne mai rabon ƙwallo a kwalejinmu da ke kudancin Indiana. Ni ne Harlan, zanƙalelen da ke tsayawa ƙarƙashin kwando. Duk ƙwallon da na taɓa ci, shi ya sa min ita a hannu. Bayan nan bai je ko'ina ba. Ya buɗe shagon tayoyi, ya auri Nadine, ya tsufa. Amma har gobe in yaro ya miƙa ƙwallo daidai a garinmu, sai ka ji an ce hannun Virgil ke nan.

Bara kwaleji ta ce za ta rataye rigar wasansa a rufin ɗakin wasa don karrama shi. Al'adarmu kuwa, mai rigar zai tsaya a layin jifa lokacin hutun rabin wasa ya yi jifa, kuma ba a komawa wasa sai ƙwallon ta shiga.

Abin da gari bai sani ba, hannun nan ya fara rawa. Nadine ke sa masa maɓallin riga. Coci ma ya daina zuwa don kada a gani. Na iske shi bayan shago yana gwada jifa, ƙwallo ko bakin kwando ba ta kaiwa. Na ce a gaya musu ba shi da lafiya, ya ce ai abin da yake ɓoyewa ke nan, tsawo ne kawai Allah ya ba ni ban da hankali.

"Dogo, tsoro nake ji," ya ce. "Ba dariyarsu nake gudu ba. Tausayinsu."

Ranar bikin ina gefen fili tare da sauran tsofaffin 'yan wasa. Riga ta hau sama, aka miƙa masa ƙwallo, ɗakin ya yi tsit. Ya buga ta ƙasa, saura kaɗan ta kuɓuce masa. Nadine ta rufe fuska. Tsoro ya kama ni sosai, don na san 'yan kujerun gaba sun ga hannun.

Sai ya taɓa kunnensa na hagu. Shekara hamsin rabona da wannan alama, amma ƙafafuna ba su manta ma'anarta ba: ruga kwando. Na ruga, in dai za a kira abin da na yi gudu. Ko kallona bai yi ba, ya turo ta ta ƙasa, ta yi tsalle ta zauna a tafina. Na ɗora ta, ta kewaya bakin kwando, ta shiga.

Ɗakin ya kaure da ihu. Na rungume shi.

"Sun gani?" ya tambaye ni a kunne.

"Sun gani, Virgil."

Sai ya ɗaga hannun sama, yana rawa, bai sauke ba har suka gama tafi.