Kunnen Anjuara na Dama

Anjuara Begum da kunne ɗaya take ji, na dama. Na hagun zazzaɓi ya tafi da shi tun tana yarinya a yankinsu na Barisal. Da wannan ɗayan take jin muryar 'yarta Tuni, wadda ke hannun kakarta a ƙauye, duk Juma'a ta wayar kantin bakin layinmu.

Ni ce mai yi mata kwalliya a birnin Dhaka, zamanin da ake ɗaukar guntun fim na tsiraici a ɓoye, a liƙa shi cikin babban fim bayan masu tacewa sun gama dubawa. Fitowa a irin wannan guntun fim ɗin ita ce sana'arta. Ku zage ta idan kun ga dama, amma kada wanda ya ce min ba ta da hankali. Mace ce mai cin shinkafa da busasshen kifi har gumi ya keto mata, ta yi barcinta da minshari, ta tashi tana tsokanata. Khala take kirana, kamar ƙanwar uwarta.

"Khala, wannan hodar taki ko garin tuwo? Kin mai da ni fatalwa!"

Masu fim ɗinmu ba su da aiki sai rawa cikin ruwan sama, kuma ruwan ba daga sama yake zuwa ba. Daga kududdufin bayan wurin ɗaukar ake zuƙo shi da inji, kore shar, a yi ta feshe mace da shi tana murmushi. Shi ya shige mata kunnen dama. Ciwo ya fara, sai ƙara kamar ta injin niƙa, sai jiri.

Na raka ta asibiti. Likitan ya ɗago ya dube ta, na ga ya gane fuskar. A ina ya san ta, shi ya sani.

"Likita, ruwa ne ya shiga kunnena wajen aiki. Ƙara nake ji."

"Ƙara ko? Tana yi miki magana?"

"Wace magana? Ciwo yake yi."

"Kina shan ƙwaya? Wa ya ɓata ki kina ƙarama?"

"Ba wanda ya ɓata ni. Babana malamin makaranta ne, ko tsawa bai taɓa yi min ba."

Ya yi ɗan murmushin nan da har yau nake jin kamar in kwaɗa masa mari. "Duk haka kuke cewa. Irinku ba ku rabuwa da damuwa. Zuciyarki ce take hukunta ki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga fitila nan a aljihunka, leƙa kunnen mana!" Ko taɓa ta bai yi ba, sai ka ce ƙazanta. Ya ba ta maganin barci, ya tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Can ma labarin yarintarta suke so, suna jira ta fashe da kuka. Da ta ƙi kuka suka ce taurin kai ma alamar cutar ce. Haka muka yi ta zarya har damina ta wuce, kowa na tono mata baƙin cikin da ba ta da shi.

Ranar da mugunya ta ɓata mata matashi na sa ta a keken haya zuwa wani asibitin, na lulluɓe mata fuska, na ce musu sana'ar ɗinki take yi. Nan take aka leƙa kunnen. Likitar ta rufe mu da faɗa, wai ina muka shige tuntuni, ai da ɗigon magani ya isa. Yanzu cikin kunnen ya riga ya ruɓe.

Juma'ar da ta biyo baya mai kanti ya aiko cewa Tuni na kan waya. Anjuara ta danna wayar a kunnen dama, ta mayar na hagu, ta sake dawo da ita. Sannan ta miƙo min, tana ɗaga murya kamar mai kira daga tsallaken kogi.

"Khala, me take cewa?"

Na saurara. Yarinyar waƙa take rerawa, wadda aka koya musu a makaranta, ta ɗauka uwarta ce ke ji. Ban iya waƙa ba, amma na kama hannun Anjuara ina buga mata kiɗan a tafinta har yarinyar ta gama.