Jirgin Katako a Gaban na Ƙarfe

Shekarar yaƙin Kuwait muna haya a unguwar Ƙurban a Madina, maigidana yana karatu a jami'a. Mai gidan wata tsohuwa ce da iyayenta suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ba don komai ba sai don su mutu a Madina a binne su a maƙabartar Baƙi'a, kuma Allah Ya cika musu buri. Ɗanta guda sojan ruwa ne, ita tana cewa bahriyya.

Ni da ita duk ba mu gane yaƙin ruwa ba. Na ƙasa dai an san ga tudu ga kwari, ga inda za a laɓe. To a teku a bayan me ake ɓuya? Na tambayi maigidana, ya ce jiragen ba sa ma ganin juna, daga nesa suke harbi. Na ce to ai wannan jifa ne a duhu. Ya ce in bar shi ya yi muraja'arsa, wato bitar karatu. Haushi ya kama ni, don na san shi ma bai sani ba.

Da aka ce yaƙi ya ƙare, 'ya'yan maƙwabta suka dawo, ɗan tsohuwa shiru. Sai da aka daɗe ya zo hutu. Ta yi masa tuwo da miyar kuka, ta kira ni in zauna, wai kunnuwa huɗu sun fi biyu. Tana tambaya da Hausa, yana amsawa da Larabci, ina tsintar abin da zan iya.

Ya ce an zuba nakiyoyi a teku, kuma su nakiyoyin ba su san an yi sulhu ba. Aikin jirginsu shi ne ya shiga gaba a hankali ya nemo su, sannan manyan jirage su bi. Jirgin nasu kuwa na katako ne, saboda wata nakiyar da ta ji ƙarfe sai ta tashi. Nan kaina ya ƙara kullewa. Yaya za a sa katako a gaba, ƙarfe ya laɓe a bayansa? Na faɗa a fili, ya yi dariya, raina ya ɓaci.

Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ashe ita ba mutuwar take tsoro ba, ta ce wannan ko a kan gado tana zuwa. Ta ture kwanon gefe.

“In abin ya faru a can, wa zai kawo ka gida?”

Ya fara kewaye-kewaye, wai komai da nizami, a tsare yake, wai in sha Allah babu abin da zai faru. Ta ce ba wannan ta tambaya ba, kuma ya amsa mata da harshen da ta yi masa magana. Ban taɓa jin Hausarsa ba sai ranar, a karye take kamar ta mai koyo.

“Ummi, wani lokaci ba a samun abin kawowa.”

Tausayinta ya rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

“Mu mata ko shiga Baƙi'a ba ma yi,” ta ce. “Daga bayan katanga nake yi wa iyayena sallama, amma na san suna ciki. Kai ta wace katanga zan tsaya?”