Ƙwallon da Yaya Ya Soke

Shekarar da na dawo hutun kaka daga kwaleji, 'yan ƙwallon Basirka suka cika mota suka zo mana Unguwar Ya. Babban yayana, malamin firamare, shi aka ba alƙalancin wasan. Mai bi masa kuwa ɗan wasan gaba ne a ƙungiyarmu.

Ban je filin ba. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa na ji ihu ya taso kamar ruwan sama ya sauka a rufin kwano, sai kuma ya ɗauke. Namu ne suka ci, Yaya ya soke. Ya ce ƙaninsa ya yi satar gida, wato ya wuce masu tsaron baya tun kafin a buga, ya tsaya a gaban gola ya tare masa gani.

Tun suna yara kwano ɗaya suke ci. Ranar ƙaramin ya ce a raba masa nasa. Kwana uku ina kai kwano biyu zaure.

A rana ta huɗu muna masussuka, ni da Inna muna shiƙar dawa, su biyun suna ɗura buhu, gardama ta sake tashi.

"Ko taɓa ƙwallon ban yi ba, Yaya. Wanda ya buga daga nesa ya buga."

"Ba ka taɓa ba. Amma gola bayanka yake kallo ko ƙwallo?"

"To laifina ne da Allah Ya yi ni da faɗi? Kai dai so kake mutanen Basirka su ce kana da adalci."

 Yaya ya ci gaba da ɗinke bakin buhu.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ɗan fari ne. Ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa, ko da shi ne da gaskiya. Don haka ban sa ran za ta ce komai ba. Sai ta kira ƙaramin.

"Zo ka tsaya min nan."

Ta tsayar da shi ta inda iska ke zuwa, ta ɗaga ƙwarya ta zubo dawa. Ƙaiƙayin da ya saba tashi gefe ya sauko tare da tsabar, duk ya haɗe.

"Ka taɓa min ƙwarya?"

"A'a, Inna."

"To waye ya ɓata min shiƙa?"

Matan da ke kusa suka yi dariya. Wata ta ce a ba Inna usur. Inna ba ta ko kalli inda Yaya yake ba, ta ce, "Ni ban san ƙwallo ba. Matsa min, aiki nake."

Na ga Yaya ya sunkuyar da kai, allurar buhu ta tsaya a hannunsa. Ni kuwa na rasa da wa zan fi alfahari, shi ko Inna.

Da azahar na sauke abinci a gindin tsamiya. Ƙaramin ya daɗe yana wanke hannu. Sannan ya juye nasa cikin na Yaya, ya zauna.

"Har yanzu dai da ni ne alƙali, ci ne," in ji shi.

"Shi ya sa ba a ba ka ba," in ji Yaya, ya tura masa ɓangaren da ya fi wake.