Shirun da Yayana Mamman Ya Rubuta

Shekara ashirin da uku ke nan da munka rufe yayana, Malam Mamman tafinta, a Sabon Birni, kuma har yau in na ji an ce an kira mitin raina ɓaci yake.

Mamman ya ji Turanci zamanin da ba kowa ke ji ba. Yakan lissafa mini kalmomin Bature na tattauna magana: ta yin musu daban, ta jujjuya zance daban, ta tankaɗe shi har a gaji daban. Yana alfahari da su, bawan Allah. Ashe dai baki ne kawai!

Wata shekara Baturen gunduma ya zo Kamarawa kan burtalin da shanun Arɗo Jaɓɓi ke bi zuwa gulbi. So yake a rufe a shuka gyaɗa. Ya tara dattawa ƙarƙashin wata tsamiya ya yi bayani, Mamman ya fassara, kowa ya sunkuyar da kai. Mu nan ba a yanke magana zama ɗaya. A ji, a koma gida, a tuntuɓi wanda abin ya shafa, kana a dawo. Arɗo ma yana can mashekari, zangonshi na daji, da shanunshi.

Mamman ya ce, "Ranka ya daɗe, ba su ce komai ba tukuna."

Bature ya duba agogo, ya ce a rubuta an tattauna sosai, kowa ya yarda. Sosai! Ko rabin sa'a ba a yi ba. Yayana kuwa ya rubuta.

Da Arɗo ya dawo ya iske gyaɗa har bakin ruwa, bai yi wa kowa faɗa ba. Ya kora shanunshi ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki, bai sake takowa ba. Mamman ya aje aikin bayan damina, ya mutu bai ƙara lissafa mini kalma ko ɗaya ba.

Da zai ga kwamitocinmu na yau, masu zuwa da takarda a rubuce tun daga mota, wallahi tsaki zai yi ya tashi.

Na daɗe ina zagin hannunshi da ya yi rubutun nan a zuci, ban taɓa gaya mishi ba. Yanzu na tsufa, za ni faɗi gaskiya. Mu talatin ne ƙarƙashin tsamiyar nan, ni ma ina zaune, na san Arɗo, na sha nonon gidanshi. Cikinmu duka Mamman kaɗai ya buɗe baki.